Kurakuran da ke hana kayan ƙirar takarda yin sheƙi

Kwanon ado, fuskar wasa ko 'yar tsanar da aka ƙera da yayyagaggiyar takarda da gam sukan fito a dusashe ko da an shafa musu banish, wato man da ake shafa wa kaya don su yi sheƙi, kuma galibi matsalar tun daga ƙasa take farawa, domin banish ƙara bayyana aibin da ke jikin abu yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Sau da yawa saman kayan yakan bushe alhali cikinsa na da sauran laima, musamman idan an jera takarda da kauri a lokaci guda. Idan aka rufe shi da fenti da banish a haka, danshin ba shi da mafita, sai fumfuna ta tsiro daga ciki, ko banish ɗin ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. A taɓa shi da bayan hannu tukuna: in har akwai sanyi-sanyi, ko wani wuri ya lotsa idan an danna, to a ƙara masa kwana. Da damina jiran yakan yi tsawo, kuma wanda ya haɗa gam ɗinsa da fulawa ya kamata ya sa ɗan gishiri a ciki don rage fumfuna.

Bayan bushewa, mutane da yawa sukan tsallake gugar sanfefa. Gefen kowane yanki na takarda yana barin ɗan tudu, wanda ido ba ya gani sosai sai haske ya faɗa kansa bayan an shafa banish. A fara da sanfefa mai lamba 120, wato mai ɗan kaushi, a gama da mai lamba 220 da ta fi ta laushi, a share ƙurar, sannan a shafa farin fenti hannu biyu a matsayin shimfiɗa, domin rubutun jarida yakan leƙo ta ƙarƙashin launuka masu haske, kuma takarda tsura tana shanye banish ta bar wurin a dusashe.

Wajen shafa banish kuwa, kada a girgiza gwangwanin, a juya shi a hankali da tsinke, saboda girgizawa na haifar da kumfa da ke daskarewa a jikin kayan. Hannu uku marasa kauri, ana barin kowanne ya bushe, sun fi hannu ɗaya mai kauri da zai riƙa zirarowa yana taruwa a gindi. Fentin da ruwa ke narkarwa yakan biyo buroshi ya ɓata zane, don haka a fara fesa masa banish na feshi kafin a sa buroshi. Banish mai haɗin mai yana komawa rawaya-rawaya idan ya daɗe, saboda haka mai haɗin ruwa ya fi dacewa da fararen kaya.

Da hunturu kuma ƙura ce babbar damuwa, don tana manne wa ɗanyen banish ta mai da shi kaushi. A yi shafin a ɗakin da ba a yi shara ba a lokacin, a kifa wa kayan babban kwali har su bushe.