Shirin Umra daga Damagaram: Takardu da Allurai

Tunda tambayar yadda ake shirin takardu da allurai don tafiya Umra ta yawaita, ga matakan:

1. Duba fasfonka. Ya zama da sauran wata 6 aƙalla kafin ya ƙare.
2. Je likita a yi maka allurar shawara da ta sanƙarau.

Hattara: Saudiyya na son a yi su kwana 10 aƙalla kafin isowa. Nan mutanenmu suka fi yin sakaci, kuma abin yana damuna.

3. Karɓi katin allurar mai hatimi.
4. Nemi biza ta hannun kamfanin da hukuma ta amince da shi.
5. Ɗaure kayanka da hannunka. Don Allah kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko na ɗan'uwa ne.
6. Haɗa magungunanka da takardar likita, don ƴan duwan (ma'aikatan da ke binciken kayan matafiya).