Yadda na gyara idon mutum-mutuminmu mai buga ƙwallo

A ɗakin da muke gwaji a Aboabo, Kumasi, mutum-mutumin yana bin ƙwallo lafiya lau da safe. Da la'asar kuwa, rana na shigowa ta taga, sai ya bar ƙwallon ya nufi jar ƙurar da ta taru a gindin bango. Ƙwallon golf ne mai ruwan lemo, irin na rukunin ƙananan mutum-mutumi a RoboCup, gasar ƙwallon ƙafa ta mutum-mutumi.

Kyamarar ce ke daidaita haske da kanta, launi yana ta canzawa. Na kashe wannan, na kafe hasken wuri guda. Sannan a OpenCV, manhajar sarrafa hotuna, na mayar da hoton daga tsarin launi na RGB (haɗin ja, kore da shuɗi) zuwa na HSV, domin a nan asalin launi daban yake da ƙarfin haske. Ma'aunin launin daga 0 zuwa 179 yake, na ɗauki 5 zuwa 20 kawai, inda ruwan lemo yake.

Ƙurar ba ta fita duka ba, don haka na ƙara sharaɗi: abin da ba zagayayye ba, a yi watsi da shi. Wannan ne ya fi aiki. Yanzu har magariba ƙwallon yake bi.