Yadda za ka je St Andrews ka buga golf a filin bakin teku

Kafafen labaranmu na kiran golf ƙwallon lambu, kuma sunan ya dace da yawancin filayen duniya: bishiyoyi, kududdufai, ciyawa mai laushi da ake shayarwa safe da yamma. Amma inda wasan ya samo asali, a gaɓar tekun gabashin Sikotland, ba lambu ba ne ko kaɗan. Fili ne na rairayi tsakanin teku da gonaki, wanda bai yi noma ba sai kiwon tumaki, babu inuwa, babu abin da ke tare iska. Mutanen wurin na kiran irinsa linkis. Mafi shaharar su shi ne Tsohon Filin garin St Andrews da ke yankin Fife. Wasan ya daɗe a ƙasar har Sarki James na biyu ya hana shi a 1457 don yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka, kuma a wannan filin ne aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, adadin da duniya ta bi har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne filin na jama'a ne. Ba sai kana ɗan wani ƙulob na manya ba. Ga yadda ake yi.

Tsai da lokaci, ka haɗa takardu

Ka nufi tsakanin Mayu da Satumba. A Yuni gari ba ya duhu sai bayan ƙarfe goma na dare. Da hunturu kuɗin ya fi sauƙi, amma sanyi ne mai shiga ƙashi, kuma za a ba ka 'yar tabarma ka riƙa ɗora ƙwallo a kai don kada ka ɓata ciyawa. Bayan bizar Birtaniya, ka karɓi shaidar handikaf daga ƙulob ɗinka, wato lambar da ke nuna matsayin gwanintarka, wadda ke raguwa yayin da kake ƙara gwanancewa. Tsohon Fili ba ya karɓar wanda tasa ta wuce 36. Daga Edinbara jirgin ƙasa zai kai ka tashar Leuchars cikin kusan awa guda, sai bas ko tasi ta ƙarasa da kai, domin jirgin ba ya shiga garin.

Neman gurbi

Nan ne ake bukatar haƙuri. Akwai masu nema kusan shekara guda kafin zuwansu, amma hanyar mafi yawan baƙi ita ce ƙuri'a. Ku biyu zuwa huɗu za ku ba da sunayenku, da ƙulob, da handikaf kafin ƙarfe biyu na rana, saura kwana biyu ranar da kuke so, sakamako ya fito da yammacin ranar. Wanda ya zo shi kaɗai yana da tasa ƙuri'ar daban, a haɗa shi da waɗanda ba su cika huɗu ba. Kuɗin zagaye ɗaya a tsakiyar kakar wasa ya haura fam 300.

Ranar Lahadi ba a wasa. Filin yakan koma wurin shan iskar mutanen gari, da yaransu da karnukansu. Shawarata ka tsara tafiyarka Lahadi ta faɗo a farkonta, ka taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe ba tare da ka biya ko sisi ba, ka ga inda ramukan yashi suka ɓuya. Ka kuma ware kwana huɗu ko biyar, don ƙuri'a ba ta da tabbas. Kwanakin jira ba asara ba ne: Sabon Fili, wanda shahararren ɗan golf na garin, Old Tom Morris, ya tsara aka buɗe a 1895, yana maƙwabtaka da tsohon, ga filin Jubilee, ga na garin Crail ba nisa. Duk linkis ne, kuma a nan ya kamata hannunka ya fara sabawa.

Kaya

Riga da wando masu hana ruwa shiga, hular sanyi, safar hannu ta ruwan sama, da takalmin da ka riga ka saba da shi, don tafiyar ƙafa ce ta kusan awa huɗu. Lema ba ta da amfani sosai, iska za ta juya ta. Sa riguna marasa kauri bisa juna, saboda rana da ruwa kan yi musanya sau da yawa kafin ka gama.

Ɗauki kadi

Kada ka yi tsimin wannan kuɗin. Kadi a nan ya wuce mai dakon jaka. Filin na da ramukan yashi 112, da yawansu ba ka ganinsu daga inda kake tsaye. Shi zai ce maka ka saita wancan hasumiyar ko wancan kurmin ƙayar, kai kuma ba ka ganin dalili. Bi maganarsa. Sau da yawa zai tura ka hagu, domin a Tsohon Fili haɗarin ya fi yawa a dama. Bayan kuɗin aikinsa ana yi masa ihsani, gwargwadon yadda ka ji daɗinsa.

Wasan kansa

Duk abin da ka koya na cilla ƙwallo sama ta sauko ta tsaya cak, ajiye shi a gida. Ƙasar linkis tauri gare ta, ruwa ba ya kwana a rairayi, ciyawar siririya ce gajera. Ƙwallo na sauka sai ta yi tsalle ta ci gaba da gudu. Wanda ya taɓa wasa a Kano ko Kaduna da rani, ƙasa ta bushe ƙamas, ya san wannan gudun, kuma yana da abin da ya fi mai zuwa daga filayen Amurka masu laushi.

Don haka ka sauke ƙwallo tun kafin dandalin rami, wato wurin gajeriyar ciyawa da ke kewaye da ramin, ka bar ta ta gangara. Sandar ƙarfe mai lamba bakwai ko takwas ta fi mai ɗaga ƙwallo sama amfani idan ka matso. Ko kana taku ashirin a wajen dandali, in ƙasa a shimfiɗe take, zaro fota, wato sandar gangara ƙwallo a ƙasa, ka tura ta kawai. Babu kunya a ciki, haka 'yan gari ke yi.

Idan iska na dukan fuskarka, zuciya za ta ce ka ƙara ƙarfi. Kuskure ne. Bugu mai ƙarfi na sa ƙwallo juyawa, ta hau sama, iska ta riƙe ta. Ɗauki sandar da ta fi wadda ka saba tsawo da lamba ɗaya ko biyu (mai ƙaramar lamba ta fi tsawo da kai ƙwallo nesa), ka matsar da ƙwallo wajen ƙafarka ta baya kaɗan, ka buga a hankali. Rami guda yau ya ci sanda mai lamba tara, gobe ya ci mai lamba huɗu.

Ramukan yashin su ne ke cin mutane. Yawancinsu ƙanana ne masu zurfi, bangonsu an jera shi da yankakkiyar ciyawa kamar tubali, a tsaye. Idan ka faɗa, burinka ɗaya ne: fita da bugu guda, ko ta gefe, ko ta baya. Shahararren ɗan golf Jack Nicklaus kansa ya sha bugu huɗu kafin ya fita daga babban ramin yashin da ke rami na 14 a gasar Open ta 1995, ya tashi da bugu goma a ramin. Tiger Woods kuwa ya ci gasar 2000 ba tare da ƙwallonsa ta shiga yashi ko sau ɗaya ba cikin kwana huɗu. In kuma ta shige cikin ƙayar nan mai furen rawaya, karɓi tarar bugu ɗaya ka wuce, kada ka tsaya kokawa da ita.

Wani abin da ke rikita baƙo: dandali bakwai na haɗaka ne, ramuka biyu a kan kowanne, kuma lambobinsu in an haɗa 18 suke bayarwa, 2 da 16, 3 da 15, haka har 8 da 10. Tambayi kadi wace tuta ce taka kafin ka buga. Ku yi ta tafiya kada ku tsare na baya, kuma in ƙwallo ta nufi mutane ka ɗaga murya ka gargaɗe su nan take, don masu tafiya da masu dawowa fili ɗaya suke rabawa.

Ramuka biyu na ƙarshe

A na 17 za ka buga ta saman kusurwar ginin otal ba tare da ganin inda ƙwallo za ta sauka ba. Gaban dandalin ta hagu akwai ramin yashi mai zurfi, bayansa titi da katanga, kuma daga kan titin za ka buga in ta je can. Kai ƙwallo gaban dandali ta dama, ka gode wa Allah in ka gama da bugu biyar.

A na 18 za ka haye 'yar gadar dutse ta Swilcan, inda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto. Yi naka da sauri. Gaban dandalin akwai wani kwari da ke mayar da ƙwallon da ba ta da ƙarfi, don haka ka ƙara mata kaɗan. Mutanen gari da baƙi na jingine da shinge suna kallo, wani lokaci har su tafa. Idan ƙwallo ta faɗa rami, cire hularka, ka ba abokan wasa hannu, sannan kadinka.