Babi na 6: Auna Koren Ganyen Auduga Kafin a Ƙara Taki

Darasi na 1: Na'urar

'Yan'uwa manoma, koren da kuke gani a ganyen auduga wani sinadari ne da ake kira kulorofil. Shuka ba ta iya yin sa da yawa sai ta samu naitirojin, wato abincin da ke cikin takin yuriya. Na'urar da ke auna koren nan sunanta SPAD. Ƙarama ce, bakinta kamar hantsaki. In ka matse ganye da ita, sai lamba ta fito. Lamba babba, kore ya yi ƙarfi. Lamba ƙarama, ganye ya fara koɗewa.

Kafin ka taɓa ganye, kunna ta, ka matse bakin babu komai a ciki, ta daidaita kanta.

Darasi na 2: Wane ganye?

A nan yawancinku ke tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Ba abin kunya ba ne.

Tsaya gaban shuka. Dubi kanta, can sama. Bi babban kara, ba reshe ba. Ganyen farko da ya buɗe, shi ne ɗaya. Gangaro: biyu, uku, huɗu. Na huɗun nan za ka auna.

Sake ƙirgawa. Daga sama, ba daga ƙasa ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Madalla.

Me ya sa? In naitirojin ya yi ƙaranci, shuka takan janye shi daga tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi, ga kuma inuwa da tsufa sun riga sun koɗar da na ƙasa. Wanda ya auna su zai sayi takin da gonarsa ba ta nema ba. Jaririn ganye na can ƙoli kuwa bai gama yin kore ba tukuna. Shi ya sa muka ce na huɗu, a babban kara.

Matse shi a faffaɗan wuri, kada bakin na'ura ya hau jijiya.

Je shuka ta gaba. Daga ina za ka fara? Daga sama. Sa yatsa kana ƙirgawa da baki.

Haba jama'a! Har yanzu ina ganin masu cafke duk ganyen da hannu ya kai, wai don ya fi girma. Gaggawar me ake yi? Wanda ba zai ƙirga ba ya ajiye na'urar, lambarsa ba ta da amfani.

Darasi na 3: Lissafi

Tun farkon damina ware 'yan kunyoyi ka ba su isasshen taki. Su ne ma'auninka. Daga lokacin da auduga ta fara ƙunsar fure, auna ganye 30 a kunyoyin nan, 30 a sauran gona, rana ɗaya, irin auduga ɗaya. Na'urar za ta fitar da matsakaicin kowane.

Misali, ma'auni 50, gona 45. Raba 45 da 50, ka ninka da 100, ka samu 90. In ya gaza 95, gona na neman ƙari. Nawa za ka zuba, tambayi malamin gona.

Darasi na 4: Hattara

Fari, kwanciyar ruwa da cuta ma suna koɗar da ganye. Duba su tukuna.

Darasi na 5: Yawan taki

In ya yi yawa, ganye zai yi ta fita, ƙwallo ya makara wajen fashewa. Sake auna gonarka mako mai zuwa, ka rubuta lambobin.