Yadda za ka auna maganar "ai a jininsa yake"

Da yaro ya faɗi jarabawa ko ya fiye ƙiriniya sai ka ji an ce ai gado ne, haka ubansa yake. To kafin ka yarda, ko ka tura irin saƙon nan na guruf wai masana sun gano ƙwayar halittar basira, tsaya tukuna.

Fara da tambayar su wa aka gwada. Gado dai akwai shi, binciken tagwaye da aka fara a Minnesota ta Amurka a 1979 ya nuna masu kama ɗaya ko an raba su tun suna jarirai sukan tashi da hali da basira kusan iri ɗaya, amma fa wannan bai gaya maka yadda yaron da ke talla a kasuwar Mile 12 ta Legas da yunwa zai zama ba in ya samu abinci da makaranta.

Sai ka tuna ita ƙwaƙwalwa aiki na canza ta. A 2000 wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, ta ga wani ɓangare na sashen da ke riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a tuƙi nasa ya fi. Ni dai direban motar danfo ta Oshodi na so a gwada wallahi.

Duba kuma abin da ke shiga jikin yaron, nan ne muke sakaci. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, ba ruwan gado. In sana'ar gwangwan kake kana fasa tsohon batir, akwai dalma a cikinsa, cire kayan aiki ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro, kar matarka ta haɗa wankinsu da nasa. Gishiri kuma a sayi mai sinadarin ayodin, don rashinsa na taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Na ƙarshe, wa ya yanke abin da ake kira basira? Na'ura ba ta yanke wannan ba, mutane ne. Yaro a Agege yana jin Hausa da Yarabanci da buroka, ya haddace izu goma, amma an ce daƙiƙi ne don ya kasa tambayar Turanci. Je ka samu malamin, ka ce a sake yi masa tambayar da yaren da yake ji, kana zaune.