Kurakuran da aka fi yi da HashMap a Java, da yadda ake gyara su

HashMap, wato ma'ajiyar Java da ke haɗa kowane mabuɗi da ƙimarsa, ba mai yawan ƙorafi ba ne. In ka yi kuskure, sau da yawa shiru zai yi ya miƙo maka `null`, wato babu komai, sai can gaba manhajar ta tsaya cak, kai kuma kana ta lalube a inda babu laifi.

Yawancin matsalar daga mabuɗi take. A ce ka rubuta ajin `Dalibi` mai ɗauke da lambar rajista, ka sa shi mabuɗi, makinsa kuma ya zama ƙima. Ka zuba da `put`, daga baya ka ƙirƙiri wani `Dalibi` mai lamba iri ɗaya ka nema da `get`, sai ka ga wayam. Abin da ke faruwa shi ne HashMap yana fara kiran `hashCode()` don ya san gurbin da zai leƙa, sannan ya kira `equals()` ya tabbatar shi ne. In ba ka rubuta naka ba, na ajin `Object` ne ke aiki, su kuwa ko tagwaye ka kawo musu, mutum biyu suke gani. Wasu sukan rubuta `equals()` su bar `hashCode()`, wannan ma bai fisshe su ba. A rubuta su tare, a kan bayanai iri ɗaya. Tun Java 16 a 2021, `record`, wani nau'in aji na riƙe bayanai kawai, ma yana yi maka wannan aikin da kansa.

Wanda ya fi ban haushi shi ne canza mabuɗi bayan an ajiye shi. Na taɓa raba dare a kan wannan: na gyara lambar wani ɗalibi da `setLamba()`, `size()` na cewa mutum ɗaya na ciki, `containsKey()` na rantsuwa babu shi. Yana nan zaune a tsohon gurbinsa, ana nemansa a sabo. Ka fara cire shi, ka gyara, sannan ka mayar. Mafi alheri dai bayanan mabuɗi su zama `final`, wato waɗanda ba a iya canzawa bayan an sa su.

Akwai wani ɗan tarko kuma: a `Map<Long, String>`, `get(5)` zai dawo da `null` ko da akwai 5 a ciki, domin `Integer` ka miƙa, ba `Long` ba. Rubuta `5L`.

Wajen ƙirga kalmomi a HashMap mai suna `m`, `int n = m.get(kalma)` na jawo `NullPointerException` da zarar kalmar baƙuwa ce. Java 8 na 2014 ya kawo `getOrDefault(kalma, 0)`, ni kuwa na fi son `merge(kalma, 1, Integer::sum)`, layi ɗaya an gama.

Kada ka dogara da jerin da HashMap ke fito da abubuwa. Ƙananan lambobi kan fito a jere har su ruɗe ka, amma bai yi maka alkawari ba. In yadda aka zuba kake so, ɗauki LinkedHashMap. In jerin mabuɗai daga ƙarami zuwa babba ne, TreeMap.

Kiran `m.remove()` kana tsakiyar zagaye da `for` yakan kawo `ConcurrentModificationException`. Sunan na sa mutum ya zaci wani aiki ne daban ya sa hannu, alhali shi da kansa ne. `m.entrySet().removeIf(...)` ne maganinsa.

`Map.of()` da ya zo da Java 9 a 2017 kuwa ba ya karɓar `null`, ba a kuma ƙara masa komai. In za ka yi `put` daga baya, kwafe shi tukuna: `new HashMap<>(Map.of(...))`.