Kurakuran da masu koyo ke yi da bayanan lezar tauraron ɗan Adam

Tun da ɗaliban safiyo da na gandun daji a nan Kaduna suka gano cewa bayanan ICESat-2 da GEDI, na'urori biyu da ke auna tsayin ƙasa da na bishiyoyi da leza daga sararin samaniya, kyauta ne a intanet, kowa saukewa yake ya zuba a taswira. Madalla. Sai dai kurakuran ba sa canzawa, kuma yawancinsu tushensu ɗaya: ba a tambayi inda lezar ta yi saiti ba.

Leza ba kyamara ba ce. ICESat-2, wanda NASA ta harba a Satumbar 2018, yana shawagi a nisan kusan kilomita 500, yana harbo koren haske sau 10,000 a daƙiƙa. An raba hasken zare 6, tagwaye uku. Tsakanin zare da ɗan'uwansa mita 90 ne, tsakanin tagwaye da tagwaye kilomita 3.3. Abin da ke tsakani ba a auna shi ba. Wanda ya sa kwamfuta ta cike wannan giɓin ya kira shi awo, zane ya yi.

A kowane tagwaye, zare ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi sau 4. Nan ne ake faɗawa rami. Mutum zai haddace cewa gt1l, wato zaren hagu na tagwayen farko, shi ne mai ƙarfi, ya yi ta amfani da shi a duk fayil. Alhali lokaci-lokaci ana juya tauraron gaba ya koma baya domin farantan sola su samu rana, sai ƙarfin ya koma ɗaya ɓangaren. Ku duba sc_orient, lambar da ke nuna inda tauraron ya fuskanta a cikin fayil: in 1 ne, na dama ne masu ƙarfi, in 0 ne, na hagu. Zare mai rauni da tsakar rana, a kan daji, ƙwayoyin hasken da ke dawowa kaɗan ne, hasken rana ya cakuɗe da su, sai a ga bishiya a inda babu ko sabara. Ni dai ba na buɗe fayil sai na fara karanta wannan lamba, kuma a aikin bishiyoyi masu ƙarfi kawai nake ɗauka, na dare in akwai.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na gangara. Haba jama'a, lissafin sakandare ne fa! A nisan kilomita 500, in saiti ya kauce da kashi 1 cikin 3,600 na digiri, hasken ya matsa mita 2.4 a ƙasa. Karkatar digiri 1 cur kuwa kilomita 8.7 ce. Saboda haka lambobin wuri da ke cikin fayil ƙiyasi ne mai kyau, ba turke ba. Na GEDI, wanda ke maƙale a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun Disambar 2018, kan kauce da kimanin mita 10. A fadama wannan ba komai ba ne. A jikin tsaunukan Kagoro ko duwatsun Kajuru, inda gangara ta kai digiri 20, kaucewar mita 10 kuskuren tsayi ne na mita 3.6.

Ba a nan ta tsaya ba. Sawun hasken GEDI da'ira ce mai faɗin mita 25. Ku haska tocila a jikin tudu daga sama: gefen sama na da'irar ya fi gefen ƙasa kusa da ku. A gangarar digiri 20, bambancin gefe da gefe mita 9 ne, sai na'ura ta karanta tsirarar dutse a matsayin matsakaiciyar kaɗanya. Sannan a rubuto rahoto wai daji ya farfaɗo a kan fā. Al'adata ita ce in ciro gangara daga taswirar tudu ta SRTM, in zubar da duk ɗigon awo da gangararsa ta wuce digiri 15. Wasu kan bari har 20 su yi gyara da lissafi. Ni ban yarda da gyaran ba a dajinmu mai gajerun itatuwa. In gona ko fili ake aunawa, ɗigon da bai shiga mita 30 daga iyaka ba, na maƙwabci nake ɗaukarsa.

Kada ku ɗebe awon bara daga na bana ku ce ƙasa ta zaizaye. Gaskiya ne ICESat-2 na maimaita hanyarsa duk kwana 91, amma a yankuna irin namu da gangan ake karkatar da saitin gefe don a cike giɓi. Layin da aka tsara daban, inda haske ya sauka daban.

Tsayin da ke fayil daga siffar duniya ta lissafi mai suna WGS84 aka auna shi, ba daga doron teku ba. A nan bambancin mita ashirin ne da 'yan kai, sai an gyara da EGM2008, ma'aunin da ke mayar da tsayi zuwa na doron teku. Tsohuwar taswirar da ke kan ma'aunin Minna ma sai an juya ta, in ba haka ba ɗigo zai faɗa gomman mitoci nesa da wurinsa. Kaduna na shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM na raba taswirar duniya shiyya-shiyya.

Gajimaren Agusta kan toshe hasken gaba ɗaya, hazon hunturu kuma ya raunana shi, don haka a tace da alamar ingancin da ke cikin fayil kafin komai. Daga Maris 2023 zuwa Afrilun 2024 GEDI na ajiye ba ya aiki, ku daina zargin netwok in ba ku samu fayil na wannan tsakanin ba.